Ƙarfen Bakin Bindigar Baba

Ranar da Baba ya rasu ina tsakar gida ina tankaɗe. Maigidana ya shigo da kekensa har ciki, abin da bai saba yi ba, ya ce, "Sai haƙuri fa, tsohon Gyaɗi-Gyaɗi ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakina ne kawai ya faɗa, hannuna kuwa ya ci gaba da kaɗa rariya har garin ya ƙare. Sai da maigidan ya ce, "Ba za ki tashi ba ne?" sannan na wanke hannu, na yafa mayafi, muka kama hanya daga Tarauni zuwa unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ni da 'yata ta fari.

Baba ba mahaifina ba ne. Uban mijina na farko ne, surukina ke nan, kakan 'yar nan tawa. Mun tarar an riga an kai shi, gida cike da mata. Gwaggo, ƙanwarsa wadda ta riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, tana jingine da bango, duk wadda ta durƙusa ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Bai ma sha kokon ba. Na dama na ajiye, ga shi can a rufe." Ba ta da wata magana sai wannan. Wata maƙwabciya ta ce mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Wata ta rage murya ta ce, "Allah ya jiƙansa, amma fa akwai taurin kai," aka ce amin, aka kuma ce wallahi kuwa. Daga ƙofar gida ana jiyo muryar amininsa, wanda muke kira Baban Tarauni, yana ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona: "Jiya fa muna tare! Jiya-jiyan nan!" Kurma ne, bai san ihu yake yi ba. Wata baƙuwar fuska ta nuna ni da baki ta tambayi Gwaggo wace ce wannan. Gwaggo ta dube ni ta ce, "'Yar gida ce," ta koma maganar kokonta.

Ni dai har aka yi sadakar uku ban zubar da hawaye ba, har yau kuma ban zubar ba. Ba taurin zuciya ba ne. Jikina ne ya yi kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Abin da ya dame ni, na kasa kunne a zaman makokin nan, ban ji an tuna shi da komai ba sai bindiga da taurin kai. To, duka biyun gaskiya ne, amma ni na san abin da ke tsakaninsu. Shi ya sa na zauna da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, in faɗi nawa kafin a manta.

Tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, tun yana saurayi, shi ya sa unguwa ke ce masa Kofur. Ko tabarma zai naɗe sai bakinta ya daidaita. Ba ya cin abinci a tsaye, ba ya son a bar tsintsiya a kwance. Yana da wata magana da ta zame masa kamar tari: "Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa." Akuyar maƙwabta ta harɗe da igiyarta a bakin ƙofarmu tana ta kuka, Baba zai ba ta ruwa, ya zuba mata dusa, amma ba zai kwance ta ba sai ya aika an kira mai ita. Gwaggo ta ce, "Yaya, wannan ai mugunta ce." Ya ce, "Tsari ne. Ke ba ki san tsari ba."

Tsakanina da shi kuwa sai kunya irin ta suruki da suruka. In zan gaishe shi nakan durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Bai taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba. In ya sayo ƙosai ko ɗan tsire, sai ya ajiye a kan turmi ya ce wa iska, "Wani ya ɗauke wannan kafin kaji su riga shi." Ni ce wanin. Ina da ciki na kwanta zazzaɓi, ya taka har Unguwa Uku cikin rana ya samo mini lemon tsami, ya ajiye a kan turmin, ya ce wa Gwaggo a hanya ya tsinta.

Bindigar tasa irin ta soja ce ta da, doguwa mai gindin katako, cikin tsofaffin da hukuma ta sayar ya samu, da lasisinsa. Manoman ƙauyukan kudu sukan aiko masa in gyado ya dame su a gonar rogo, ya hau babbar mota ya je ya kwana biyu ya dawo. Sai dai bindigar akwai shuri. Da girma ya fara kama shi, in ya dawo sai ka ga yana ɗaga moɗa da hagu, kafaɗar dama ta kumbura, a tambaye shi ya ce sanyi ne.

Mijin nawa na farko ɗansa ne na fari, kuma shi kaɗai ya rayu. Makanike ne a wani gareji a bakin titin Zariya. Shi ya ƙera wani guntun ƙarfe kamar tsawon yatsa, mai huji-huji a gefe, ya ce in an sa shi a bakin bindiga, iskar harbin za ta riƙa fita ta gefe, shurin ya ragu. Bai nemi izini ba, ya san ba za a ba shi ba. Ranar da Baba ya tafi gona sai mijina ya ɗauko bindigar ya zauna a inuwar ɗakina ya ɗaura mata, ina amarya a lokacin, ina gefensa ina tsince shinkafa. Baba ya dawo ya gani, ya ce, "Wa ya ce ka sa wa bindigata takunkumi? Akuya ce?" Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar ɗan. Da aka kira shi farauta ya je ya dawo, sai na ji yana ce wa Gwaggo, can ƙasa-ƙasa, "Hannun yaron nan ba laifi." Iyakar yabon ke nan, ɗan kuma bai taɓa jinsa ba.

Sai yaƙin basasa ya zo, mijina ya shiga soja, ya bar ni da ciki. Na haihu ba ya nan. Aka gama yaƙi, samari suka riƙa dawowa, wani da ƙafa ɗaya, wani da rediyo a kafaɗa. Nawa shiru. Wani ya ce ya gan shi wajen tsallaka wani babban kogi, wani ya ce a'a, bayan nan ma ya gan shi. Baba ya je bariki ya fi a ƙirga, amsa ɗaya: ba a gan shi ba. Babu gawa, babu wanda zai rantse ya ga faɗuwarsa.

Nan na maƙale. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Ba miji a ɗaki, ba damar takaba, ba damar wani ya yi sallama da ni. Aka koma tuƙi a hannun dama ina nan. Aka canja kuɗi ina nan. 'Yata ta yi wayo har tana tambaya wai babanta wane iri ne, dogo ko gajere. Sa'o'ina suna goyon na uku, ni ina wanke kayan mutumin da ba ya nan ina shanyawa don kada su yi warin akwati. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. To ni na dafa, romon ne ban gani ba.

Kawuna, wan mahaifiyata, ya zo daga ƙauye ya sami Baba a zaure. Ya ce malamai sun faɗa masa alƙali na iya raba wannan aure tunda shekaru sun ja, abin da ake so kawai uban yaro ya yarda a je tare, a yi abin cikin mutunci. Baba ya bar shi ya gama tsaf, ya ce, "Ni na ɗaura auren nan? Shi ya ce yana so. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Zai dawo." Kawu ya tashi ko tuwon da na kai bai taɓa ba. A soro ya ce mini, "Ki shirya mu tafi, mu kai ƙara ko ya so ko ya ƙi." Na ce, "Kawu, ni in tsaya gaban alƙali in ce ɗan mutumin nan ya mutu, yana zaune yana ji? Ba da bakina ba." Ya ce to in zauna in tsufa. Wallahi akwai ranakun da na tsani Baba. In ji tarinsa daga zaure in ji kamar in kife tukunyar. Da yamma kuma in tarar da ƙosai a kan turmi.

Ƙarfen nan kuwa ya zama abin lallaɓawa. Duk Juma'a da hantsi Baba zai goge bindigar, in ya zo kansa sai ya sassauta hannu, ya bi hujojin ɗaya bayan ɗaya da tsinke da ɗan ƙyalle. Amma ƙarfen yana da aibin da maƙerinsa bai hango ba. Abin da ya ɗauke wa kafaɗar mai harbi, kunnen na gefe yake kai wa. Wata rana mahaukacin kare ya shiga Tarauni ya ciji awaki, aka aiko a kira Kofur. Karen ya shige bayan wani rumbu. Baban Tarauni, abokin nasa tun Bama, ya matso daf da bakin bindigar yana nuna masa da hannu, ga shi can, ga shi can. Baba ya ja kunama. Kare ya faɗi, amini ma ya durƙushe riƙe da kai, jini na bin wuyansa. Dama kunne ɗaya ya bari a Bama. Ranar ya rasa na biyun.

Bai yi fushi ba, bawan Allah. Da ya warke ya ci gaba da zuwa hira, shi ke magana shi ke ba kansa amsa. Sai wata la'asar ina tsakar gida ina kwashe shanya, Gwaggo tana gyaran zogale, muka ji ya ce da Baba, "Matso, Kofur, in faɗa maka wata magana a asirce, kada na ciki su ji." A zatonsa raɗa yake yi. Wallahi har masu wucewa a lungu sun ji.

"Yaron nan ba zai dawo ba! Ni da kai mun san yadda ake ɓata a daji! Mutum nawa muka baro? Ka cire ƙarfen nan, ya ci kunnena ya isa! Ka saki 'yar mutane, tana tsufa a gidanka!"

Gwaggo ta tsaya da zogale a hannu. Ni kuwa zanen da na ɗauko na ninke shi, na warware, na sake ninkewa. Sai muryar Baba: "Tashi ka bar mini zaure." Kurman bai ji ba, ya ce, "Iye?" Baba ya ɗauki takalmansa ya jefa masa waje. Wannan kam ya ji.

Damina ta wuce ba su gaisa ba, mutanen da suka sha ruwa a hular ƙarfe ɗaya. Gwaggo ta yi magana, liman ya yi, Baba ko gezau. Abin da ya karya shi, shi da bakinsa ya gaya wa Gwaggo daga baya. Wata Juma'a a masallaci yana sahun baya, liman ya yi kabbara, jama'a duk suka tafi ruku'u, sai mutum ɗaya, amininsa, ya rage a tsaye ƙiƙam a tsakiyar sahu, idonsa a rufe, yana jiran kabbarar da ba zai ji ba. Sai da na kusa da shi ya ja masa riga. Baba ya dawo ranar bai ci abinci ba.

Washegari da hantsi ya fito da bindigar tsakar gida, ba zaure ba. Ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya cire harsasai ya kai ɗaki, ya zare ƙarfen da ake ja a ɗana ta, ya ɗaga ta sama ya leƙa ta ciki har ya ga haske. Sannan ya tsoma bakinta a gwangwanin kananzir ya jingine.

Aikin ya ci kwanaki. Akwai wasu 'yan ƙananan sukurori a gefe da tsatsa ta cinye, ya bi su a hankali har suka fito. Akwai dalma da mijina ya zuba a mahaɗar. Baba ya hura gawayi a kasko, ya naɗe jikin bindigar da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya hau ta, ya gasa bakin kaɗan-kaɗan har dalmar ta zubo kamar hawayen kyandir. Wani mai walda da ke lungunmu ya leƙo ya ce, "Baba Kofur, kawo in sa masa zarto, kafin ka ƙifta ido an gama." Baba ya ce, "Na ce maka yankawa nake so? Lafiya aka sa shi, lafiya zai fita."

Sai aka zo murɗawa. Ya naɗa fata, ya kafa sifana, ya danne gindin bindigar da gwiwa, ya murɗa hagu yadda ake kwance kowane noti. Ko motsi. Ya ƙara kananzir, ya kwana, ya sake. Ko motsi. Ga kafaɗa ba lafiya, ga gumi har gemu. Gwaggo ta ce, "Yaya, ka kai wa masu aikin mana, za ka karya kanka." Ya yi kamar da bango take.

Ni kuwa ina bakin murhu, na san abin da ya hana. Ranar da mijina ke ɗaura shi ya ce mini, yana dariya, "Kin ga, murɗin baibai na yi masa, don kada girgizar harbi ta kwance shi. Duk wanda ya zo cirewa ƙara ɗaure shi zai yi." Duk duniya ni kaɗai na ji wannan magana. Ga Baba yana ta ƙara ɗaurewa da iyakar ƙarfinsa.

Na san me cire ƙarfen nan yake nufi, kowa a gidan ya sani. Shekara da shekaru ina jiran ranar, ga ta ta zo, kuma ashe a bakina take. In na yi shiru, mijina yana nan da rai kamar yadda yake tun da ya tafi. In na yi magana, ni na faɗi mutuwarsa. Yini biyu ina kallon tsohon nan yana fama, ina tuƙa tuwo, ina kwashewa, ban ji komai a raina ba sai nauyi a harshe.

A na ukun sifanar ta kuɓuce ta daki yatsansa, jini ya fito. Ya sa yatsan a baki kamar yaro. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je na durƙusa, kusa fiye da yadda na taɓa yi, na ce, "Baba, dama ake murɗa shi. Baibai ya yi masa."

Ya cire yatsan daga baki. Sannan ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun da aka kawo ni gidan.

"Shi ya gaya miki?"

"Shi ya gaya mini."

Ya gyaɗa kai. Ya turo mini gindin bindigar ya ce, "Riƙe nan, 'yar nan. Riƙe da kyau, ni hannuna ya gaji."

Na riƙe da hannu biyu, na danne da ƙirjina. Ya kafa sifana ya murɗa dama. Ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara, ƙiiit, ya saki. Daga nan da yatsu ma ya ƙarasa. Wurin da ya rufe shekarun nan duka ya fito fari tas, sabo, har da sawun magagarin mijina a jiki, kamar jiya ya ajiye aikin. Baba ya shafa wurin da babban yatsa. Sai ya kira sunan ɗansa. Ɗan fari ne, bai taɓa faɗin sunan nan ba tun ranar da aka raɗa shi, ko a bayan idonsa. Ya faɗe shi cikakke, sau ɗaya, ya ce, "Allah ya jiƙanka." Gwaggo ta kurma ihu ta faɗi a bakin ɗakinta. Ni dai ina riƙe da bindigar, don ba a ce in saki ba.

A ranar, da ƙafa ya tafi Tarauni ya zo da amininsa, suna tafe kurman yana ta surutu. Ya aika aka kira Kawu, suka je gaban alƙali tare, shi ya yi bayani da bakinsa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya zauna ya karɓi gaisuwar da ya ƙi karɓa shekara da shekaru. Na shiga takaba. Ƙarfen ya sa a aljihun 'yar-cikinsa, bindigar kuma ya rataye, ban ƙara jin an ce ya harba ta ba.

Da na fita takaba mai nema ya fito, wannan maigidan nawa na yanzu, aka ɗaura. Sai maganar 'yata ta taso. Gwaggo ta ce yarinya ta gidan ubanta ce, ko'ina haka ake yi, kuma ita kaɗai ta rage musu, in ta tafi me za su kalla? Gaskiyarta ne, ni ma ban iya musu ba. Yarinyar nan ita ke cin tuwo a kwanon Baba, ita yake tsokana yana ce mata amaryarsa mai rowa. Na riga na haɗa kayana ban sa nata ba. Baba ya fito ya ga ƙullin, ya ce, "Ina na yarinyar?" Gwaggo ta fara magana, ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "An raba ta da uba ba a tambaye ni ba. Ba za a raba ta da uwa a gidana ba."

Shi ya ɗauki ƙullin kayanta a ka, tsoho da furfurarsa, tana riƙe da gefen rigarsa, har bakin titi inda mota ke jira. Ya sa ta a ciki, ya ce ta riƙa jin magana. Ta ce, "Kaka, kai ba za ka hau ba?" Ya ce wa zai tsare gida? Ya juya ya kama lungu, yana tafiyarsa ta soja, bai waiwayo ba. Gwaggo ta ce da ya shiga, kwanon tuwonsa ya tura mata ya ce ta rage, daga yau ya yi masa yawa.

Wannan shi ne mutumin da aka ce yana da taurin kai. Yana da shi kam, ni na fi kowa ɗanɗanawa. Allah ya yafe masa, ya yafe mana, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ya tarar da wanda ya daɗe yana jira.